Shekarar da Na Sa Wanzaminmu a Littafi

Kun girma kuna jin gwaggonku Rabi tana cewa wanzami ne ya kore ni daga garinmu da aska tsirara a hannu, shi ya sa na tsinci kaina a gidan rediyo a Yamai. Na ƙyale ta shekaru da yawa, domin yadda take ba da labarin ya fi gaskiyar daɗi, kuma takan miƙe tsaye ta nuna irin gudun da na yi. Amma da na ji ɗaya daga cikinku tana maimaita wa 'ya'yanta, har da ƙarin cewa na bar takalmi ɗaya a baya, sai na ga ya kamata in rubuta abin da ya faru. Akwai wanzami a ciki, akwai aska, ta kuma hau wuyana. Gudu ne dai babu.

A shekarar da ƙasarmu ta sami mulkin kai ina ƙaramin mushe, wato malamin boko, a lakol ɗin garinmu, makarantar gwamnati, tafiyar hantsi a kan jaki daga Cadakori. Darektan da ya koyar da ni a Maraɗi, Bature ne, zai koma ƙasarsu, ya aiko in zo mu yi sallama. Ya ba ni akwatin katako cike da littattafai, ya ce ba na ilimi ba ne, na kashe lokaci ne, kuma nauyinsu ya fi amfaninsu. Na kawo su gida na ajiye, damina ta ɗauke mini hankali, ban buɗe ba sai da aka ɗaure gero aka kai rumbu. Da na fara, sai na tarar duk ginin ɗaya ne. Wani ƙaramin ƙauye ne a ƙasar Turai inda kowa ya san abin da maƙwabcinsa ya ci da safe. Ana wayar gari a iske wani ya mutu, ba a nuna maka jini, ba a nuna maka azaba. Jandarma su zo daga birni su kama wanda bai ji ba bai gani ba. Daga nan wani mutum na cikin gari, wanda ba a ɗauka da muhimmanci ba, ya riƙa bi gida gida yana shan shayi yana hira, har ran da zai tara kowa a ɗaki ɗaya ya nuna mai laifi. Ban taɓa tsammanin za a yi kisa a labari mutum ya karanta hankalinsa kwance ba, sai a waɗannan.

Kakata, uwar mahaifina, wadda duk gida ke kira Tsohuwa, ita ta fara lura. Da la'asar takan zauna bakin zaure daga ciki tana kaɗin zare, ni kuma ina gefe a kan tabarma. Tsakaninmu akwai wasan jika da kaka, ba ta kirana da sunana, sai maigida.

"Maigida, mi ke cikin takardar ga da ya hana ka kallon matarka?"

"Wani aka kashe, Tsohuwa."

"Shi ne kake murmushi? Wa ya kashe shi?"

"Ban sani ba tukuna. Sai a ƙarshe ake faɗi."

Ta ajiye mazari ta ce in soma mata daga farko. Na soma, ina karanta Faransanci a zuci ina faɗa mata da Hausa. Kafin in gama babi na farko ta kafa sharaɗi: babi ɗaya kowace la'asar, kuma littafin a wurinta zai kwana, cikin babbar ƙwaryar da take ajiye audugarta. Ta ce in na riga ta sanin ƙarshe ba wasa ke nan ba, zalunci ne. Na yarda, ban san abin da na ɗaura wa kaina ba.

Fassarar ce ta fara ja ni cikin kuskure. Abubuwan ƙauyen nan babu su a garinmu, kuma Tsohuwa ba ta haƙuri da dogon bayani. Sai na riƙa sauya su da namu. Mamacin, wanda aka iske zaune a kujerar lambunsa da safiyar ranar gasar wanda kabewarsa ta fi girma, na mai da shi attajiri mai rumbu tara. Mai gasa burodi ta zama mai ƙosai. Tsohon mai raba wasiƙu, wanda ke binciken, ya zama tsohon manzon maigari. Da na iso kan likitan ƙauyen, mutum mai fara'a da ke shiga kowane gida ba a yi masa tambaya, na tsaya na yi tunani. Likita mafi kusa da mu yana Maraɗi, yawancin mutanenmu ba su taɓa ganinsa ba. Wanda ke shiga kowane gida a garinmu da jaka a kafaɗa, ya yi ƙaho, ya cire beli, ya ba da magani, wanzami ne. Na ce wanzami. Ban ba shi suna ba, ban ga bukata ba. Na manta cewa wanzami ɗaya ne tak a garin, Baba Mati, wanda ya yi mini askin suna da hannunsa.

Kafin kwana uku matan gidanmu sun daina daka da la'asar. Kafin biyar maƙwabta sun cika tsakar gida, maza kuma suka taru a ƙofar zaure ƙarƙashin tsamiya, ni ina zaune a bakin ƙofa, tsakanin ɓangarorin biyu, ina ɗaga murya. A nan na fara koyon yadda ake magana mutumin da ba ya ganinka ya fahimta. Abin da ya riƙe su ba mutuwar ba ce. Mamacin ba wanda ya yi masa kuka, domin tun babi na biyu an nuna marowaci ne. Abin da suka so shi ne shiga gidajen mutane tare da tsohon manzon, su ji wa ke gaba da wa, wace ce ta ari tukunya ba ta mayar ba, wane ne ke zuba wa kabewarsa madara a ɓoye. Tsohuwa ta ce ashe Nasara ma gulmarsu irin tamu ce, shayi kawai suka fi mu sha. Baba Mati ya ga taron maza a wuri ɗaya, ya mai da gindin tsamiya wurin aikinsa. Yana aski yana saurare, in an ambaci wanzamin labari ya ɗaga aska ya ce, "Ga ni," a yi dariya.

A rana ta shida na karanta inda manzon ya tambayi wanzamin yaushe rabonsa da gidan mamacin. Ya ce tun Alhamis. Can gaba a cikin hira ya ce abin tausayi ne yadda kabewar marigayi ta tsage, da ita za ta ci gasa. Na wuce abina ban lura da kome ba. Sai na ji mazari ya tsaya.

"Dakata, maigida. Yaushe mai yi wa mamacin aikin lambu ya ce kabewar ta tsage?"

Na koma baya na duba. "Asabar da dare."

"Kuma ya rufe ta da buhu don kada a gani. To, wanda rabonshi da gidan tun Alhamis, ina ya san ta tsage? Wanzamin ga shi ne."

Ta faɗe shi ne da muryar da take kiran awaki, har bayan tsamiya an ji. A lokacin Ɗan Jimma mahauci ne ke zaune gaban Baba Mati, an aske masa rabin kai. Sai ya miƙe ya ce ya tuna bai ɗaure ɗan akuyansa ba. Ya kifa hula ya tafi. Muka yi dariya, har da Baba Mati. Amma bai dawo ba, washegari kuma ba wanda ya zauna a tabarmar aski.

Kada ku ɗauka mutanenmu wawaye ne. Rubutu iri biyu suka sani a lokacin, na malamai da na gwamnati, kuma babu wanda ake wasa da shi a ciki. Ƙirƙira kuwa tana da nata lokaci da nata ƙofa. Gatana, wadda kuke kira tatsuniya, bayan cin tuwo ake yin ta, a buɗe ta da kalmominta a rufe ta da kalmominta, kowane yaro ya san abin da ke tsakani bai faru ba. Ni kuwa na zo da rana tsaka, da takarda a hannu, ni mushen gwamnati, na fara ba da labarin kisa ba tare da na ce gatana ce ba. Ga shi an san daga hannun Baturen da zai bar ƙasa na karɓo akwatin. Sai magana ta fara yawo cewa takardun shari'a ne da Nasara suka bari, Mushe yana sauya sunaye ne kawai. Wani ya tuna cewa mahaifin Baba Mati daga kudu ya ƙetaro da zabirarsa a kafaɗa, kuma ba wanda ya taɓa jin dalilin tasowarsa. Ba wanda ya fito ya ce Baba Mati ya kashe mutum. Gemu dai ya riƙa tsawo a garin.

A cikin wannan hali matar yayana Sani ta haihu ranar Talata, namiji. Askin suna a wurinmu ba ƙaramin abu ba ne. Wanzamin gida ne ke yi, gaban dangi da baƙi, kuma gidan da ya ɗauko na wani gari ya shelanta wa duniya ke nan cewa ya cire hannu daga na gida. Mahaifina yana cikin dattawan gari, abin da ya yi shi sauran za su yi. Ranar Laraba bayan azahar ya kira ni ya ce yana tunanin aikawa Cadakori a ɗauko wanzami.

Na ce, "Baba, wallahi ƙirƙira ce. Wani ne ya zauna a ɗakinsa ya tsara."

"Wa zai ɓata takarda da tawada ya rubuta abin da bai faru ba?"

"Suna yi, Baba. Sana'a ce a can."

"Ni ban ce Mati ya yi kome ba. Tare muka tashi. Amma dangin mai jego sun ji, kuma kan jinjiri ɗan kwana bakwai ne. Ka ƙarasa karatunka mu ji inda ya faɗa, sannan in san abin yi."

Ranar Alhamis Tsohuwa ta shiga ɗakin mai jego gasa mata jiki, na ɗaga faifan ƙwaryarta na saci littafin, na karya alkawari na karanta babin ƙarshe a tsaye bayan rumbu. Ita ce da gaskiya. Likitan ne, kuma dalilinsa ya fi kisan muni a gare mu: mamacin ya gano cewa ba shi da takardar likita, shigar burtu ya yi wa ƙauyen shekara ashirin. Da Hausar da na ɗora labarin a kai, wannan yana nufin wanzamin da bai gaji aska ba, wanda ba a san asalinsa ba. Na mayar da littafin cikin ƙwarya. Zaɓi biyu ne gabana, in karanta abin da ke rubuce in kashe wa Baba Mati sana'a, ko in yi wa Tsohuwa da dukan gari ƙarya. Na zaɓi ƙarya, kuma a lokacin na ɗauka jarumta na yi.

Ranar Asabar aka zo babin ƙarshe. Taron ya fi na kullum, har da baƙin da suka fara isowa suna. Na riƙe littafin ina juya shafi kamar gaske, na sa tsohon manzon ya tara mutane ya sanar da su cewa wani baƙon falke ne ya kwana a bayan gari, ya haura katanga, ya zuba guba, ya wuce da asuba. Na wanke wanzami tas, har na ƙara masa yabon da marubucin bai yi masa ba. Na rufe littafin ina jiran a ce madalla.

"Wane baƙo?" in ji Tsohuwa. "Kwana goma sha ɗaya muna garin ga, mun shiga kowane gida, ba mu gan shi ba. Kabewar fa?"

"Wataƙila ya ji ne a bakin wani."

Ta dube ni, ta naɗe zarenta, ta tashi. A bakin ƙofar ɗakinta ta juyo ta kira ni da sunana na yanka, abin da ba ta taɓa yi ba. "Isuhu, ka zuba mini ƙasa a tuwo."

A ranar na gane abin da ke riƙe irin waɗannan labaran. Akwai amana tsakanin mai rubutu da mai saurare: mai laifin yana cikin waɗanda ka zauna da su, an kuma nuna maka kome, in ka kasa ganewa rashin lurarka ne. Shi ya sa ake jin daɗi a ƙarshe, ko ka ci ko ka faɗi. Baƙon da na jawo daga daji ya rushe wannan. Kuma bai ceci kowa ba. Kafin magariba magana ta gama gari cewa Mushe ya ga sunan a takarda ya rufa asiri. Mahaifina ya ce ranar Litinin da yamma zai tura Sani Cadakori.

Lahadi da hantsi ina zaune bayan lakol sai ga Baba Mati da zabirarsa. Ya shimfiɗa tabarma ya ce, "Mushe, kanka ya yi gashi. Zauna." Ba yadda zan yi. Ya jiƙa mini kai, ya wasa aska a tafin hannunsa, ya fara daga dama, ya gangaro har ƙeya. Aska tana kan jijiyar wuyana ya yi magana, muryarsa a kwance.

"Ɗana, ni ne a takardar ko ba ni ba ne?"

"Ba kai ba ne, Baba. Wani likita ne a Turai, shi ma babu shi. Ni na mai da shi wanzami."

"To shi wanda babu shi ɗin, shi ya yi kisan?"

"Shi ne."

"Da ka bar shi ya ɗauki kayanshi. Da ana zargi, yanzu an tabbata. Na je wurin Inna kakarka, ta ce laifinka ba na ƙarshe ba ne, na farko ne, ka shigo da gatana gari ba sallama. Gobe da la'asar za ka karanta gaskiyar takardar, ina tsaye a kanka." Ya goge aska ya mayar zabira. Na taɓa kaina na ji hagu ba a taɓa ba. Ya ce, "Sauran gobe, gaban jama'a."

Haka na koyar da yara ranar Litinin da hula har kunne, cikin zafi. Da la'asar Tsohuwa ta sa aka fito mata da tabarma waje gindin tsamiya, inda ba ta taɓa zama ba. A al'adarmu ba a gatana da rana, ana ce wa yara wanda ya yi zai ɓata a daji, in kuwa dole ce sai a ƙulle bakin zane tukuna. Ta kama bakin zanenta ta ƙulle shi sannu a hankali, yadda kowa zai gani. Sannan ta dubi dattawan nan masu furfura ta ce:

"Ga ta nan, ga ta nanku."

Rabon yawancinsu da amsa wannan tun suna yawo ba wando. Liman ne ya fara dariya, ya gyara zama ya ce, "Ta zo mu ji ta." Sauran suka bi shi, wasu suna sunkuyar da kai.

Na cire hula, aka ga rabin kai, aka sake fashewa. Na ce shekaranjiya na yi musu ƙarya, babu wani falke, ni na ƙago shi. Na ce mutumin littafin likita ne, ni na ba shi zabira don sauƙin bayani. Baba Mati ya tsaya a bayana ya jiƙa hagu. Na karanta babin kamar yadda yake, yadda manzon ya bi zancen kabewa ya kai ga kofin da aka wanke, ya kai ga takardar da babu ita, askar tana tafiya a kaina ina jin sanyinta. Da na iso inda mai laifi ya amsa laifinsa, tana daidai maƙogwarona tana gyara gemu, ban daina karatu ba, shi ma bai daina aski ba. Na kai aya, Tsohuwa ta ce ƙurunƙus, ta kwance ƙullin zanenta.

"Ni dai na ce shi ne," in ji ta.

Baba Mati yana goge aska ya ce, "Ai ni tun ranar kabewa na san ni ne, Inna. Kunya ta hana ni faɗi."

Har mahaifina, wanda ba a cika ganin haƙoransa ba, sai da ya riƙe ciki. Ana cikin dariyar Ɗan Jimma mahauci ya matso, ya cire hular da ya kwana takwas da ita, ya zauna a tabarma ya ce ya ɗaure akuyar. Sani bai je Cadakori ba. Washegari Baba Mati ya yi wa jinjiri aski gaban dangin mai jego, kuma jinjirin nan shi ne yayanku Lawali, ku tambaye shi ko kansa ya taɓa ciwo.

Ni ne abin ya fi daɗewa a kaina. Mushen da ya tsaya gaban gari ya ce ya yi ƙarya ba ya komawa yadda yake. Shekara guda cur, duk yaron da ya fasa ƙwarya a garinmu sai ya ce baƙon falke ne, iyaye kuma in na aika musu saƙo daga lakol sukan tambaya ko haka yake a takarda ko na gyara. Tsohuwa ta mayar mini da suna maigida, amma ba ta mayar da yarda ba. Mun karanta littafi goma sha huɗu bayan wannan, kowanne da ƙullin zane a farkonsa, likita kuma likita ne ko da bayanin zai ci rabin la'asar. Kafin mu fara kowanne takan sa in nuna mata inda babin ƙarshe ya soma, ta ɗinke shafukan da allura da zaren da ta kaɗa, ba ta warwarewa sai ranar. Ta ci tara, ta faɗi biyar, kuma biyar ɗin nan ta fi jin daɗinsu, takan kwana biyu tana bin labarin baya tana nemo inda aka nuna mata ba ta gani ba.

Bayan shekara biyu aka nemi masu karanta labarai da Hausa a Yamai, na je gwaji aka ɗauke ni. A duk tsawon aikina ban taɓa bari a sa wasan kwaikwayo ba sai na faɗa da bakina cewa abin da za a ji ƙirƙira ne, abokan aiki suna ganin tsanani ne. Akwatin yana ɗakina ƙarƙashin gado, za ku ga hujin allura a gefen shafukan ƙarshe. Wanda zai karanta ya fara daga farko. Safiyar da zan bar gari Baba Mati ne ya zo ya yi mini aski, duka kan a zama ɗaya, ya raka ni har bakin hanya yana riƙe mini jaka. Ku gaya wa gwaggonku takalmina biyu na tafi da su.